Injin Hasken Rana Da Ruwan Fadama

Dattawan Zariya ba su manta da zamanin jigo ba, sa'ad da mai lambu kan wuni yana ɗaga guga a bakin Galma ko Kubanni, ba ya iya shayar da abin da ya wuce 'yan fangali kaɗan. Daga baya injin fetur ya shigo, musamman a shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama wanda Bankin Duniya ya tallafa ya yaɗa ƙananan injuna da rijiyoyin bututu. Noman rani ya bunƙasa, tumatir da albasa da tattasai suka cika kasuwar Sabon Gari.

To, ran 29 ga Mayu, 2023 ce ta sake al'amarin, ranar da Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin mai. Litar fetur wadda ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. Mai lambu ya ga ribarsa tana ƙarewa a cikin tanki. Wannan shi ya sa hankalin manoma ya koma ga injin da ke aiki da hasken rana, watau sola, wanda kayansa suka yi sauƙi a duniya saboda yawan ƙera su a ƙasar Sin.

Amfanin wannan inji ba a ɓoye yake ba. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba baƙin mai da ke tsiyaya cikin rafi ya kashe kifi. In an saya an kafa, ba sauran zuwa gidan mai da galan. Wanda ake haɗawa kai tsaye da allon sola ma ba ya bukatar batir.

Amma fa akwai wani abin lura. A da, tsadar fetur ita ce linzamin manomi, gama da ya ga fangali ya cika sai ya kashe inji. Yanzu da rana ke ba da ƙarfinta kyauta, wani sai ya bar inji yana zuba tun hantsi har la'asar. Ruwan sama da ke sauka a Samaru wajen milimita 1,000 ne a shekara, kamar inci 40 ke nan, kusan dukansa kuwa tsakanin Mayu da Oktoba. Abin da ƙasa ta sha a watannin nan, shi ake ja har bazara. Kadan kowa ya ja fiye da bukatarsa, rijiya za ta yi ƙasa a watan Maris, daidai lokacin da shuka ta fi ƙishi, kuma na ƙarshen rafi shi zai fara kuka. Ban da wannan, ruwa in ya yi yawa yakan wanke taki ya kai shi rafi, ya ruɓar da saiwa. A ƙasar Yaman, inda yaƙi ya tsadadar da man dizal manoma suka koma ga sola, masu bincike sun ga ruwan ƙasa yana raguwa a wurare da dama. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ya kamata masu lambu na kowane rafi su haɗa kai, su sayi inji ɗaya tsakanin mutum uku ko huɗu, su raba ranakun ban ruwa, sarkin noma ya zama shaida. A gyara hanyoyin ruwa, a rufe gindin shuka da ciyawa ko ɓuntu. Kafin a ta da inji a tona ƙasa da hannu, in da danshi a haƙura sai gobe. 'Yan kasuwan Sabon Gari su sayar da inji daidai girman gona, tsohon batir kuma kada a fasa shi kusa da ruwa, domin darmar cikinsa guba ce. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malaman gona na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a ga rani lafiya.