Wa Ya Ce Horon Doki Wasan Banza Ne?

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata magana da ke yawo a bakin samari: wai koya ma doki rawa, ko durƙuso, ko gaisuwa, aikin marasa aikin yi ne, wai yanzu zamanin kabu-kabu ne. Mai faɗin haka bai taɓa riƙe ragama ba.

Ku je Birni a Damagaram ranar hawan salla. Ga kakaki, ga tambura, ga bindiga, yara na kutsawa ta ko'ina. Mahayi ya sako doki da gudu wajen jahi, ya ja linzami, doki ya tsaya cak gaban Sarki. Wa ya koya mishi wannan tsayuwa? Horo ne na wata da watanni. In babu shi, da kowace salla sai an kwashi mutane zuwa gidan likita.

Abin da kuke kira wasa, shi ne karatun doki. Dokin da ya iya miƙa ƙafa don gaisuwa, shi ne zai bari a duba mishi kofato ba tare da harbi ba. Wanda ya iya ja da baya, ba ya maƙalewa a lungu. Wanda ya saba tsayawa in an ce tsaya, likitan dabbobi zai yi mishi allura ba sai ƙarti huɗu sun danne shi ba. Dokin da ke wuni a turke ba ya komi kuwa, shi ke koyon cizo. A kasuwa ma ku tambayi dillalai, horarre da ɗanye ba kuɗinsu ɗaya ba.

Amma ku ma masu dawaki, da sauranku. Wanda ya yaga bakin doki da linzami, ya huda cikinshi da ƙaimi don ya ɗaga ƙafafu a tafa mishi, mugu ne, ko da sirdinshi na azurfa ne. Doki na ganewa ne in ya yi daidai aka sassauta mishi nan take, aka shafa wuyanshi, aka ba shi ɗan hatsi. Kaɗan-kaɗan, kullum, tun yana ɗan duƙushi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsofaffin da suka san wannan sana'a suna ƙarewa a bargar Sarkin Katsinan Maradi da ta Tsibiri. In an yi hutun lakwal, ku je ku zauna gabansu, ku ɗauko musu harawa, ku koya tun suna da rai.