Rinin Abinci: Halal Ne Ko Haram?

Jama'a a Dutsin-Ma da Kurfi suna yawan tambaya game da rinin nan da ake zuba wa alewa da lemon kwalba, wai ko ya halatta ga Musulmi. Galibinsa, kamar rawayan da ake kira Tartrazine, daga man fetur ake haɗa shi, babu alade babu mushe a ciki. Ta fuskar tsarki dai ba mu ga abin zargi ba. Jan da ake kira Carmine shi ne na jikin ƙwaro, malamai kuwa sun saɓa a kansa.

Amma fa a manja gizo ke saƙar. Akwai masu zuba masa rinin Sudan don ya yi ja wur, alhali na man takalmi ne, an hana shi a abinci don tsoron ciwon daji. A 2005 Ingila ta janye ɗaruruwan kayan abinci saboda shi, hukumar NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi. Wannan algus ne, cuta ce kuma, Shari'a ta hana duka biyun.

Muna roƙon malaman makaranta su faɗakar da yara, duba-gari kuma su riƙa leƙa garwar masu manja ran kasuwa.