Albashi A Hannu, Fargaba A Zuci: Darasi Daga Kakuri

'Yan'uwa, duk lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare, kamar yadda muka gani bayan janye tallafin man fetur a 2023, hankalinmu yakan koma kan waɗanda aka sallama daga aiki. Ba kasafai muke tunawa da waɗanda ke bakin aiki ba, alhali suna kwana suna tashi da fargabar kora. Tarihin masaƙun Kaduna ya isa ya nuna mana cewa wannan fargaba ciwo ce mai zaman kanta.

An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, dubban mutane daga Kudancin Kaduna, Binuwai, Filato da sauran sassan ƙasa suka sami abin yi. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Ga ƙarancin wutar lantarki, ga atamfar fasa-ƙwauri mai araha ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsayar da aiki a 2007.

To, kafin rufewar, an yi shekaru ana rage ma'aikata kashi-kashi. Magidanci a irin wannan hali yana karɓar albashi, amma ba ya iya shirin gobe. Ba zai soma gini ba, yana ɗari-ɗarin shiga adashi, kuɗin makarantar yara ya hana shi barci. Ko an cuce shi a wurin aiki sai ya yi shiru, don kada sunansa ya shiga jerin masu tafiya, ya zo gida ya huce a kan iyali. Mai gidan haya da mai sayar da abinci a ƙofar masaƙa su ma hankalinsu a tashe, domin bashin da suke binsa yana rataye da albashinsa. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, a lokacin matsi babu inda ake ɗaukar sababbin ma'aikata.

Saboda haka muna kira ga masu ɗaukar ma'aikata su riƙa faɗin gaskiyar halin da ake ciki tun da wuri, su kuma biya haƙƙin sallama a kan lokaci. Ma'aikata su koyi sana'ar hannu tun albashi yana shigowa. Mu kuma, in mun fita gaishe da marasa aiki, mu biya wa maƙwabcin da har yanzu yake sammakon zuwa aiki, mu ji damuwarsa.