Taɓin Hankali a Gaban Alƙali

A duk lokacin da lauya ya miƙe a kotu ya ce wanda yake karewa ba ya cikin hayyacinsa sa'ad da ya yi kisa, jama'a a majalisun Ƙofa da Kiru da Tudun Wada sukan ɗauka cewa dabara ce kawai ta fitar da mai laifi, alhali ƙofar da doka ta bari ƙunƙuntacciya ce. Sashe na 51 na dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ya ɗauke laifi ne daga wanda larurar ƙwaƙwalwa ta hana shi, a daidai lokacin aikatawa, sanin abin da hannunsa ke yi, ko sanin cewa abin mummuna ne ko ya saɓa wa doka. Asalin wannan ma'auni shari'ar Daniel M'Naghten ce a Ingila a 1843, mutumin da ya harbe sakataren Firaminista Robert Peel bisa ruɗin cewa ana farautar ransa. Maye kuwa ba ya zama uzuri, sai in an ɗura wa mutum abin ba da saninsa ko yardarsa ba.

Fiƙihun Malikiyya ya riga wannan doka da ƙarnuka masu yawa, domin ya cire mahaukaci daga taklifi, wato ɗaukar nauyin hukunci, ya kuma mayar da gangancinsa kuskure, ta yadda ba a yi masa ƙisasi, sai dai diyya ta hau kan aƙilarsa, wato danginsa na wajen uba. A nan an kyautata wa ɓangarorin biyu, tun da ba a kashe marar hankali ba, jinin mamaci kuma bai tafi a banza ba.

Ya kamata mai sauraro ya bambanta tambayoyi biyu da akan cakuɗa su. Umarnin da alƙali Ibrahim Sarki Yola na Babbar Kotun Shari'ar Musulunci ta Ƙofar Kudu ya bayar a Satumban 2021, cewa a duba ƙwaƙwalwar Abduljabbar Nasiru Kabara a asibitin Dawanau, ya shafi tambaya ta farko ne, wato ko wanda ake tuhuma zai iya bin shari'arsa a lokacin, kuma da likitoci suka ce lafiyarsa ƙalau sai aka ci gaba. Tambaya ta biyu, wato halin da hankalin mutum yake ciki a ranar da abin ya faru, ta fi wuya nesa ba kusa ba, domin doka ta ɗauki kowa a matsayin mai hankali, kuma wanda ya yi da'awar hauka shi zai kawo hujja.

A nan ne talakan kudancin Kano yake cutuwa. Saurayin da ya daina barci ya fara surutu shi kaɗai a wani ƙauyen Doguwa, wajen mai ruƙiyya ake fara kai shi, in ya tsananta a sa masa mari a ɗakin da ke bayan gida, kuma iyayensa sukan rufa maganar saboda kada auren ƙannensa mata ya lalace. Dawanau tana can bayan birni a kan hanyar Katsina, kuɗin mota da na magani sun fi ƙarfin manomi a tsakiyar damina. Ranar da tsautsayi ya auku, babu katin asibiti, babu takardar magani, sai shaidar maƙwabtan da aka daɗe ana ɓoye wa gaskiya, likita kuma zai gan shi ne bayan watanni a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse.

Ko an karɓi uzurin ma, kotu ba ta sallamar mutumin zuwa gida, tana ba da umarnin a tsare shi har hukuma ta yanke shawara a kansa. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanar da sa mata hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi haƙƙin magani da kare mutuncin marar lafiya, amma har yanzu mai wannan larura daga Bebeji ko Doguwa sai ya dangana da birnin Kano kafin ƙwararren likita ya buɗe masa fayil.