A rairaye manhaja kafin mu damƙa mata kuɗinmu

Yawancinmu da ke zaune a waje ta waya muke tura kuɗi gida, ta waya ake biyan kuɗin makarantar ƙanne, har adashi ma ya koma can. Kuma yanzu yaranmu da dama su ke rubuta manhajoji irin waɗannan, a Landan ko Jidda ko Kano. Da su nake magana yau, da ƙungiyoyinmu masu ba su kwangila.

A watan Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya fitar da gyaran gaggawa ga iPhone. A cikin rubutun da ke tabbatar wa waya cewa shafin da ta shiga na gaske ne, ba na ɗan damfara ba, an maimaita layi ɗaya: goto fail. Kalma biyu kacal. Wannan maimaicin ya sa manhajar tana tsallake binciken sa hannu na ƙarshe, ta ce komai lafiya lau. Ɓarawon da kuke amfani da intanet ɗin otal ɗaya zai iya shiga tsakaninka da shafin yana karanta abin da kake turawa.

Abin haushin, akwai kayan aikin da ke kama irin wannan. Ba sa ma kunna manhajar. Rubutun suke bi layi-layi, su duba duk hanyar da aiki zai iya bi, kamar mai rairayar gero tana fitar da tsakuwa: ga layin da aiki ba zai taɓa kaiwa gare shi ba, ga adadin da ya fi ƙarfin mazubinsa, ga fayil da aka buɗe aka manta ba a rufe ba. Clang, wanda Apple ɗin kansa ke aiki da shi, yana da gargaɗi kan layin da ba a kaiwa gare shi, amma fa sai ka kunna shi da hannunka. Kuma ba yau aka fara ba. Tun 1978 Stephen Johnson ya fito da Lint a Bell Labs, a 2015 kuma Facebook ya saki Infer kyauta.

Na san ƙorafin masu sana'ar: surutu ya yi yawa, gargaɗi barkatai, da yawansu ba komai. Haka ne. Kuma ba komai suke gani ba. Heartbleed, a Afrilun wannan shekarar ta 2014, ta gabansu ya wuce. In ka lissafa ladan turawa ba daidai ba, ba ruwansu. To amma don rariya na barin ƙananan tsakuwa, sai a daina rairaya?

Ni dai in ƙungiyarmu za ta biya wani ya gina mana manhajar tara kuɗin jana'iza ko na marayu, zan nemi a sa a yarjejeniya cewa zai kawo rahoton binciken, ya nuna gargaɗin da ya gyara, wanda ya ƙyale kuma ya rubuta dalili a gefensa. Ma'aji ba sai ya iya rubuta manhaja ba kafin ya ce a ba shi wannan takardar.