Gida Na Biyar Da Kuɗin Wa Aka Saye Shi?

Yau magana za mu yi da 'yan'uwanmu masu gidajen haya a nan Agege, kuma ba za mu ɓoye-ɓoye ba, don mu ma 'yan kasuwa ne, mun san riba, mun san asara.

Kowa ya ga sabon salo. Alhaji ya sayi tsohon gidan gado, ya rushe zaure ya mai da shi shaguna, ya yanka tsakar gida ɗaki-ɗaki, mutum ashirin makewayi ɗaya. Sannan ya ce duk mai so ya biya shekara biyu gaba ɗaya, ga kuɗin ejan, ga na agirimen. Da wannan kuɗin zai sayi gida na gaba, can ma ya yi haka. Sai ka ji ana cewa Allah ya buɗa masa. To mu tambaya: jarin nan na wane ne? Na mai shayi ne da ɗan acaba da mai yankan farce, waɗanda suka ci bashi don su samu wurin sa haƙarƙari. Su suka ba Alhaji rance ba ruwa, shi kuma ya saka musu da ƙarin haya.

Za su ce siminti ya yi tsada, rodi ya tashi, 'yan omo-onile ba sa barin a sa bulo sai an sallame su. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma gidan da aka gina tun kafin a haifi mai karɓar hayar, rufi yana yoyo, sokawe ya cika yana malala kwata, wane siminti aka sa masa da za a ninka kuɗinsa?

Kuma abin ya saɓa doka. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya, ta wajabta ba da rasit, ta ce mai biyan shekara-shekara sai an ba shi notis na wata shida in babu wata yarjejeniya a rubuce. Agege na cikin inda dokar ke aiki. Da yawanmu ba mu sani ba, shi ya sa ake watso mana kaya da notis na baki.

Mu tuna yadda unguwar nan ta kafu. Iyayenmu sun zo fataucin goro da shanu, mai gida ya sauke baƙo a zaurensa, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki. Arzikinsa mutane ne. Yau zauren da yara ke karatun allo ya koma shagon caji. Magidanta suna ta komawa Sango Ota da Ifo, sahun asuba yana raguwa, mu da ke gaba mu muke gani. In 'yan Zango suka watse, wa zai tsaya maka ranar da rigima ta tashi, Alhaji? Bene ba ya zuwa jana'iza.

Ba mu ce kada a gina ba. Haya halal ce, ku gina goma in Allah ya hore. Amma ku gina da jarinku ko ku haɗa hannu ku raba riba, ban da bashin ruwa, ban da wuyan talaka. Ku tsaya a shekara ɗaya, ku rubuta yarjejeniya, ku gyara kafin ku ƙara. Kuɗin hayar da ya kai nisabi ya shekara, ku fitar da zakkarsa, biyu da rabi cikin ɗari. Kowane sabon gini a bar ɗaki ɗaya don baƙo ko makaranta.

Muna roƙon Sarkin Hausawa da limamai su kira zama kan wannan. Wanda aka zalunta ya zo da rasit ɗinsa. Allah ya ba mu arziki mai albarka, amin.