Yadda Ake Mayar da Ɗan Gida Baƙo

A shekarar 1923 Vinayak Savarkar ya rubuta littafin da ya zama tushen Hindutva, aƙidar kishin Hindu a Indiya. A cikinsa ya gindaya sharuɗɗa biyu ga cikakken ɗan Indiya: ƙasar ta zama ta kakanninsa, ta kuma zama ƙasarsa mai tsarki. Sharaɗi na biyun ya fitar da Musulmi, tunda alƙiblarsa Makka ce, ko da kakanninsa sun shekara dubu a bakin kogin Ganges. Ƙungiyar RSS, wadda aka kafa a 1925, ta raini wannan tunani, jam'iyyar BJP kuma ta kai shi gadon mulki. An rushe masallacin Babri da ke Ayodhya a Disambar 1992. A 2019 aka yi dokar da ta sauƙaƙa wa 'yan gudun hijira daga Pakistan da Bangladesh da Afghanistan samun zama 'yan ƙasa, amma ban da Musulmi. Musulmin Indiya da ake yi wa kallon baƙi sun kai miliyan 172 a ƙidayar 2011.

Bahaushe ya san ɗacin wannan. Haƙar kuza ta kai Hausawa Jos tun farkon ƙarnin da ya wuce, amma har yau jikokinsu na faman neman takardar shaidar ɗan asali. Naɗin Aminu Mato shugaban riƙo na Jos ta Arewa a 1994 ya jawo tarzoma, aka sake zubar da jini a 2001 da 2008.

Abin da ba a cika son faɗa ba shi ne, irin wannan ya fara tsira a gida, wato jihar Katsina. Daga Dabawa zuwa Dutsin-Ma, Kurfi da Safana, ta'asar 'yan bindiga ta sa ana kallon duk Bafulatanin ruga a matsayin bare. Mutumin da kakansa ya yi kiwo a dajin Rugu, yau yana shiga kasuwa da fargabar 'yan sa-kai, alhali shi ma shanunsa ɓarayin suka kore. Laifin wanda ya ɗauki bindiga nasa ne, kuma hukuma ce ya kamata ta kama shi da sunansa. Fulani suna cikin sarautar Katsina tun zamanin Ummarun Dallaje, Sulluɓawa kuma suna kan karaga tun hawan Sarki Dikko a 1906. Haka Hausawa Kiristoci na Malumfashi da Ƙafur: ba daga wata ƙasa suka zo ba, amma suna kukan wahalar samun filin gina coci a garuruwan da aka binne cibiyarsu.